A Nan Ba A Maimaita Aji

Sieni ta ja kujera ta zauna a gaban Malama Doyle, ƙarnin kamfanin yankan kaji bai gama barin hannuwanta ba. Ɗanta Peniamina ya tsaya a bayanta. Tala, ƙanwar mijinta, wadda ta shekara goma sha biyar a nan garin Logan, ta zauna a gefe don yin tafinta.

Tambayar da Sieni ta zo da ita ɗaya ce, irin wadda ake yi a ƙasarsu Samoa: na nawa yaron ya zo a ajinsu?

Malamar ta yi murmushi, ta ce a nan ba a jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Sai ta buɗe wani littafi ta yi bayani a hankali. Tala ta fassara mata. Peni yana aji takwas, amma karatunsa na ɗan aji huɗu ne.

Sieni ta ce ba zai yiwu ba. Shekararsu uku da zuwa, kowace shekara yana wuce aji. Har a coci ta tashi ta yi godiya a kan hakan.

"Yaya, a ƙasar nan shekaru ne ke tura yaro gaba, ba cin jarrabawa ba," in ji Tala. "Ko barci ya yi a aji, Janairu na yi zai wuce."

Malamar ta ce akwai darasin karatu na musamman, Talata da Alhamis kafin a shiga aji, kyauta. Sa hannun uwa kawai ake jira, kuma sau biyu tana aika takarda gida. Sieni ta tuna takardar, mai ruwan ɗorawa. Peni ne ya karanta mata a kicin, kamar yadda yake karanta mata duk wasiƙar Turanci da ta shigo gidan, ya ce maganar ƙwallo ce.

Ta sa hannu, ta yi godiya, suka fito.

Suka hau bas, har suka wuce kasuwar Woodridge. Ta shirya faɗan da za ta yi a gida, amma ta kasa jira.

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Ba ƙarya na yi ba, Mama." Yana kallon takalminsa. "Talata kawai na gane a ciki. Ranar Talata muke atisaye."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Wasiƙun mai gidan haya, na wuta, na ofishin shige da fice, duk shi take miƙa wa, tana yabonsa a gaban baƙi, shi kuma yana bin layi da yatsa.

"Sauran fa?"

"Cinka nake yi."

"Har ta asibitin babanka, mai ranar da za a yi masa tiyata?"

"Wannan na ji tsoro. Gwaggo na kai wa, ta faɗa mini, na haddace."

Sieni ta juya. Tala, wadda bakinta ba ya hutawa ko a wurin makoki, ta zuba wa tagar bas ido.

"Tun bara kenan kin sani, Tala."

"Ya roƙe ni, Yaya. Ya ce in kika sani, wa zai riƙa karanta miki?"