Itacen Kabarin Bahago

"Busasshe ne! Makafi ne ku?" Habsatu ta daka tsawa daga ƙofar gidanta.

Sojojin ba su ko waiwayo ba. Sai lodin itacen maƙwabcinta Bahago masassaƙi suke yi cikin kamyo, babbar motarsu ta ɗaukar kaya. Gwamnatin soja ta hana saran itace, alhali duk unguwar Dagmanet an san tsohon bai taɓa ɗora gatari kan ɗanyen icce ba. Abin da fari ya kashe a bakin ƙorama yake jawowa.

Sarjan ɗinsu ya ɗago wata taguwa, macen raƙumi, da aka sassaƙa daga saiwar aduwa. A durƙushe take, wuya a ƙasa, haƙarƙari a waje.

"Tsoho, wannan fa?"

"Abin da na gani ne a bayan gari," in ji Bahago.

"Nasara su saya, su je su nuna yunwa muke yi?"

"Yaro, dubi tsagar cikinta. Ba ni na yi ba. Ƙishin da ya kashe ta shi ya kashe iccen. Ni bin sa kawai na yi."

Sarjan ya wurga ta cikin kamyo, ya haɗa da gizagon tsohon.

Tun ranar Bahago bai sake zama a rumfarsa ba. In Habsatu ta kai masa kunun jar dawar taimako, sai ta tarar da shi kwance yana murza babban yatsa a tafin hannu.

"Baba, ka sha ko kurɓi ɗaya."

"Ajiye, ɗiyata."

Da abin ya ishe ta, ta yafa zane ta nufi barikin soja neman gizagon. Aka tsayar da ita a ƙofa. Daga nan ta hango tukunyar shinkafarsu kan murhu, wuyan taguwar ya leƙo daga cikin wuta.

"Allah ya isa!" ta ce da ƙarfi. "Ku ci, ku ƙoshi!"

Mai gadin ya nuna mata hanya da bakin bindiga.

Ba ta gaya wa Bahago ba, shi ma bai tambaya ba. Ran Alhamis da hantsi ya cika.

An yi wanka, an yi sutura, sai Illiya mai haƙar kabari ya tsaya a zaure yana sosa ƙeya.

"Babu itacen rufewa. Kowa tsoro yake ji ya fito da nasa."

"Mutumin da ya tsufa cikin itace?" in ji Habsatu. "Da ƙasa za ku danne masa fuska?"

Ta shige gida ta fito da taɓaryarta, aikin hannun mamacin, ta dangwarar da ita gaban Illiya.

"Sare ta. Me nake dakawa?"

Matan unguwa suka bi sahu. Zeinabou ta kawo tata. Haoua ta kawo biyu. Illiya ya ɗaure su da igiya, ya saɓa, ya bi bayan makara.

Da la'asar Habsatu ta zauna a tsakar gida. Unguwa tsit. Wata kurciya ta sauka a bakin turmi, ta leƙa ciki, ta daɗe a tsaye.