Inda Wayar Baba ke Kwana

Irin albasar Baba ya isa dashe tun kahin mu tahi Malanville. Ya cushe cikin fangalinshi, ganye na gogar ganye. Tsohon injin ban ruwanmu ya mutu tun bara, makanikin Garou ya buɗe cikinshi ya ruhe, ya ce a bar wahala. In ba mu samu sabon inji ba babu dashe, irin zai tsuhwa nan inda yake, noman ranin bana ya wuce mu.

Wani kamfani ya buɗe biro, wato ofis, can kusa da kasuwa, suna ba manoma inji mai aiki da hasken rana, a biya bayan an cire albasa. Mutanen ƙauyen Toumboutou da yawa sun samu. Baba ya ce in raka shi don ni ke jin Faransanci. Ina ji, amma cikin littahi. In mutum ya tsare ni da ido sai kalmomin su watse.

Ɗangana ya ɗauke mu bisa babur ɗinshi. Taubashin Baba ne, sa'anshi kuma, ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Shi ke kai wayoyin tungarmu shan wuta, don tungar tana bayan Garou, bakin kogi, lantarki bai iso mu ba. Ranar da zai shiga gari kowa ya miƙa mishi tashi, ya zuba cikin tsohon buhun shinkafa. Kowace waya da alamar mai ita. Ta Baba jan zare anka ɗaura mata, ta Inna Sabuwa maƙwabciyarmu bakin zane. Shina kai su rumfar ƙanenshi da ke bakin tashar kamyo, manyan motocin kaya, kusa da duwan, wurin 'yan kwastan na bakin iyaka. Ƙanen ya kunna su duka don ya riƙa ganin wadda ta cika, su kwana can, washegari a maido. Da waya ta dawo hannun mai ita sai ya kashe ta ya tura ƙarƙashin katifa don wuta ta daɗe. Ba a kunnawa sai za a kira wani.

"Issuhu, ka yi nauyi," Ɗangana ya ce ma Baba muna hawa kwalta. "Albasar da ba ka dasa ba ce ka cinye?"

"Tuƙa mu, bawa. Kai da babur ɗin ga duk tari kuke, ban san wanda zai riga wani tsayawa ba," in ji Baba.

"Rauda, gaya ma ubanki in anka ba shi inji ni zan koya mishi kunnawa. Wayar ma ni na nuna mishi inda ake dannawa."

Ina ta maimaita gaisuwar Faransanci cikin raina.

Ba a buƙace ta ba. Ma'aikacin biron, Abdoulrazak, ya gaishe mu da harshen Dendi, da ya ji bakin Baba sai ya juya Hausa. Ya ba Baba kujera, ni na tsaya baya na rasa inda zan sa hannuwana. Ya tambayi lambar waya, ya rubuta cikin na'ura. Sannan ya juyo muna da huskarta.

Taswirar ƙasarmu ce, an shahe ta da launi. Bakin kogi kore ne, ya ce manoma ke nan. Wajen kasuwa ruwan ɗorawa, 'yan kasuwa. Kewayen tashar kamyo da duwan ruwan toka ne. Nan, in ji shi, masu wucewa ke zama, direbobi da yaran mota da baƙi, yau suna nan gobe sun ƙetare kogi. Kamfani ba ya ba mutanen toka inji.

"Baba, lambarka cikin toka ta faɗa."

"Wace toka, ɗana? Ni a tunga nike. Can anka yanke cibiyata."

"Na'urar ba ta tambayar mutum. Inda wayarshi ke kwana take dubawa, daga nan ta san ko wane iri ne. Taka tashar kamyo take kwana. Ba ta taɓa kwana wani wuri a kunne ba."

Ɗangana, da ke jingine bakin ƙofa, ya tafa hannu. "To ai ni ke kai ta! Dukan wayoyin tunga can suke kwana!" Ya bayyana zancen buhu da rumfa da jan zare, dariya na cin shi. "Issuhu direban kamyo! Mutumin da jaki ya taɓa kadawa gaban mata!"

Baba ya tsura ma taswirar ido. Ɗangana ya dube shi, dariyar ta ƙare mishi.

Ni kuwa sai na tuna saƙonnin. Duk lokacin da Baba ya kunna waya sai su shigo, ni ke karanta mishi. Tallan taya, tallan man inji, ɗakin kwana mai arha don matahiya. Mun ɗauka kowa ake aika ma su.

Na ce ma ma'aikacin da Faransanci ya zo da kanshi ya ga gonar. Da Hausa ya amsa mini, a hankali.

"Ƙanwata, na yarda da ku. Ko ban je ba na ga ƙafafunshi. Amma ba ni ke cewa e ba. Amsar daga babban biro na Kutonu take zuwa, kuma can ma ba mutum ke duba ta ba." Ya sosa ƙeya. "Abin da za ku yi, ku daina sa ta buhu. Ku bar ta kunne a gona ta riƙa kwana can. Taswirar tana sabunta kanta. In ta koma kore ku dawo."

"Iri ba ya jira," in ji Baba.

"Na sani, Baba."

Hanyar komawa babu wanda ya tsokani wani. Mun wuce layin kamyo da ke tsaye bakin hanya, direbobi kwance ƙarƙashinsu suna hura shayi. Na dube su ɗaya ɗaya. Ban ji komi ba, sai zahin ƙarhen babur a ƙafata.

Cikin gidanmu rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sosai. Inda yake kamawa shi ne gindin mangwaron da ke ƙarshen gona, wajen ruwa. Baba ya sa wayar cikin leda ya ɗaure a reshe da jan zaren nan. Ɗangana ya aro mishi ɗan faranti mai jan wutar rana wurin wani masunci, ya hau da kanshi ya ɗaura sama.

"Ga ta nan ta zama manomiya," ya ce shina saukowa. "Saura ka ba ta hauya."

Kullum da sahe Baba na zuwa ya duba ko tana kunne, ya wuce fangali ya tsaya. Irin ya soma kauri a gindi, bakin ganyen na yin ja. Ni ina ɗebo ruwa da ƙwarya ina yayyafa mishi don kada ya ƙone.

Wata sahiya ya kira ni in karanta wani saƙo da ya daɗe da shigowa bai lura ba. Na buɗe ledar. Gajere ne. Ana yi mishi barka da zuwa Nijar.

Na ɗaga kai. Hayin kogi, can wajen Gaya ta ƙasar Nijar, ana hango dogon ƙarhen waya. Ya hi namu kusa da mangwaron. Tun ranar da anka rataye ta shi take kamawa.

"Mi ta ce?"

Na gaya mishi.

"Nijar," ya ce. Ya dubi ƙasar da yake tsaye bisanta.

Ni da Ɗangana munka koma biro, Baba ya ce ba ya zuwa. Abdoulrazak ya gane ni, ya rubuta lambar ba tare da na faɗa ba. Wannan karon bai juyo da na'urar ba. Ya ce lambar ba ta cikin toka kuma, ba ta cikin kore, ta hita daga taswira. Wanda ke kwana wata ƙasa ba a ma buɗe mishi zance. Ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya tambaya ko za mu sha ruwa. Na ce mun gode.

Washegari munka yi dashe. Baba ya auna da ido iyakar abin da hannunshi da nawa za su iya shayarwa da ƙwarya, ya ja layi da ƙafa. Bai kai rubu'in gonar ba. Sauran irin Inna Sabuwa ta zo da kwando ta tumɓuke, za ta kai ma ɗan wanta a Toumboutou, shi ya samu inji. Tana ta addu'a tana cikawa. Baba ya taya ta aza kwandon a kai.

Ɗangana ya sauko da farantin ya maida ma mai shi. Ranar shiga gari ya zo da buhu, Baba ya jefa wayar ciki tare da na kowa. Da ta dawo ya kunna don kiran mai taki, sai ta yi ƙara. Ya miƙo mini, hannunshi duk laka.

"Mi ne kuma?"

"Taya," na ce. "An rage kuɗin ta kamyo."

"Kashe ta, wuta na ƙarewa."

Na kashe, na sa cikin aljihun rigarshi da ke rataye a reshe, na ɗauki ƙwaryata na gangara ruwa.