'Yar Amfilifayar Obed

Mainasara kafinta ne a unguwar Magajin Gari, abokinsa Obed kuma mai gyaran rediyo. Tare suka ƙera akwatin sauti da katakon maɗaci, bakinsa a buɗe kamar ƙaho, lasifika ɗaya tak a ciki.

Ranar haɗawa Obed ya kawo wata 'yar amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da siririyar waya. Mainasara ya ja tsaki.

"Akwati kamar rumbu, ka kawo mini kayan wasan yara?"

"Ƙahon ne ke ɗaga murya," in ji Obed. "Babba ihu kawai za ta sa shi."

Mainasara ya aro babba wurin masu kiɗan biki. Sautin ya fito yana huda kunne, amma Mainasara ya kafe cewa laifin wayar ne. Obed ya bar kayansa kan benci ya fice. Ba su ƙara magana ba.

Da damina 'yan bindiga suka tare hanyar Damari. Obed na cikin waɗanda ba su dawo ba.

Bayan makoki, Mainasara ya kakkaɓe 'yar amfilifayar ya jona. Da ya sa kaset, muryar wani mai garaya ta fito tangaran, har ana jin numfashinsa.

Ya waiwaya wajen bencin zai yi magana. Babu wanda zai gaya wa.