Kwalbar Inna Hajaratu

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka har aka koma cin jar dawar taimako, wata farar mota ta jami'a ta taso daga Yamai, ta kwana a Tawa, washegari ta tsaya a Affala. Cikinta akwai Dokta Garba, malamin da ke binciken cututtukan ciki, da ɗalibinsa Attahir, da akwatin 'yan kwalabe, da madubin nan mai nuna abin da ido ba ya gani. Sun zo da takardar izinin soja, don haka mai gari bai ja zance ba. Aka yi shela cewa kowa ya karɓi kwalba, ya sa ɗan bayan gidansa a ciki, ya kawo a duba. Wanda aka samu da cuta za a ba shi magani kyauta.

Mutanen Affala suka yi dariya har da riƙe ciki. Ana yunwa, ga wasu sun ƙona mai tun daga Yamai don neman abin da kowa ke zubarwa.

Attahir dai bai yi dariya ba. Ɗan garin ne, kuma shi ya roƙi Dokta a fara da Affala saboda mutum guda: surukarsa, Inna Hajaratu. Tun bazara cikinta ke murɗa, ta rame har zanenta na zagaye ta sau biyu, taɓarya ma ta gagare ta ɗauka. 'Yarta Rahamatu, matar Attahir, ta dawo gida jinya, tana kuka a ɓoye. Matsalar ita ce Rahamatu 'yar fari ce, kuma Inna Hajaratu ta riƙe kunya da hannu biyu. Ba ta faɗin sunan Attahir, ba ta shan ko ruwa a gabansa, in ta hango shi a hanya sai ta tuna ta yi mantuwa a gida. Amma Attahir ya daɗe a birni, boko ya ɗan shafe masa lissafi. Ya miƙa wa Rahamatu kwalba ya ce a kai wa Inna, kamar wanda ya aika da goro.

Abin mamaki, kwalbar ta dawo da safe, a cike, a rufe.

Dokta Garba ya shafa kaɗan a gilashi, ya kafa ido a madubi. Ya ɗago, ya goge tabarau, ya sake leƙawa. Sai ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Attahir, zo ka gani! Wannan ƙwan tsutsar awaki ne. A cikin mutum! Ba a taɓa rubuta haka ba."

Attahir ya leƙa, shi ma kansa ya ɗau zafi. Nan da nan suka haɗa bayani mai kyau: fari ya sa mutane cin dusa da ganyen da dabbobi ke ci, tsutsa ta yi ƙaura. Dokta ya fara zancen taron masana a ƙasar waje, ya ce za a sa tsohuwar a mota a kai ta Yamai, manyan likitoci su taru a kanta. Attahir ya tafi gida da sauri, rabinsa tsoro, rabinsa kuwa, gaskiya, yana jin daɗin ganin sunansa a littafi.

Rahamatu na tankaɗe a tsakar gida ta saurare shi har ya gama. Ta ajiye rariya, ta dube shi, sannan ta juya ta dubi turke, inda akuya ɗaya tilo da fari ya bar wa Inna take tsaye, ƙafafunta na baya duk zawo.

"Kai Attahir, mi anka koya maka can Yamai?" ta ce. "Inna da ba ta iya tari gabanka, ita za ta aiko maka da wanga abu ka sa ido ciki? Ni na riƙe mata akuyar, don ta rantse in ban riƙe ba ta bar cin abinci."

Daga cikin ɗaki aka ji muryar tsohuwa, siririya amma da ƙarfinta, tana magana da bango kamar yadda ta saba in yana nan.

"A gaya ma mai gidan wance, mutuwa ɗaya ce. Kunya kuwa kullum ta Allah."

Attahir ya so yin dariya, amma ya fasa. Ya ji yadda numfashinta ke yankewa tsakanin kalmomi, ya gane da gaske take. Za ta mutu a kan tabarmar nan da mutuncinta, magani yana cikin mota, tafiyar da ba ta kai zuwa rijiya ba.

Da ya gaya wa Dokta, malamin ya zauna a kan kujerar da ya tayar. Can ya tuntsire da dariya har hawaye, ya ce shekara ashirin yana koyarwa, yau akuya ta ba shi darasi. Sai ya ce abu mai sauƙi ne, a gaya mata shi kaɗai zai duba. Rahamatu ta kai saƙo ta dawo da amsa: muddin mai gidan wance yana cikin gari, ai ido ba ya da shinge.

Don haka da hantsi, kasuwa na ci, Attahir ya ɗora akwatinsa a ka. Ya bi ta gaban masallaci, ya bi ta rumfar mahauta, yana sallama da kowa da babbar murya cewa an kira shi Tawa. Ya wuce ta ƙofar gidan surukarsa a hankali, don a gan shi da kyau ta ramin zana. Ya fita gari, ya yi ta tafiya har gidaje suka ɓace, ya sami wata aduwa marar ganye ya zauna a kan akwatin. Rana ta gasa shi son ranta. Wani makiyayi da ya wuce ya tambaye shi ko matarsa ce ta kore shi, ya ce kusan haka ne.

Da rana ta yi sanyi ya ci gaba da tafiya, har ya kwana a Tawa, don kada a ce ya yi ƙarya. Kafin ya dawo Dokta ya duba kwalba ta biyu, ya ga ciwon atuni ne, irin wanda ruwan tabki ke kawowa, ya ba da ƙwayoyi. Akuya ma ta samu nata, tunda ita ta fara bin layi.

Ranar da za su bar Affala, Attahir yana ɗaure kaya a saman mota sai ya ji daka daga wajen gidan Inna. Ba dakan Rahamatu ba ne, wannan a hankali yake, ana yi ana hutawa. Ya tsaya da igiya a hannu yana saurare. Jim kaɗan Rahamatu ta fito da ƙwarya rufe da faifai, fura ce ta jar dawa da nonon akuya.

"Inna ta ce a ba baƙon da yat tahi Tawa. Da hannunta tad daka."

Dokta Garba ya leƙo ta taga ya tambaya ko an tafasa nonon. Attahir ya karɓi ƙwaryar. Ya juya wa gidan baya yadda suruki ya kamata ya yi, ya kafa kai ya shanye, hawaye na sauka cikin ƙwaryar.