Kwalbatin Hanyar Roni

Kwalbatin hanyar Roni ya toshe sau uku a damina ɗaya, shekara biyu bayan fitowar naira, kuma duk toshewa sai ruwa ya haye titi ya bar yashi har gwiwa. Kwashe yashin nan aikin Haladu ne, heluman leburorin hanya. Mai duba hanya daga Kazaure ya riga ya gaya masa, in aka yi na huɗu ya ajiye keken gwamnati ya nemi wata sana'a.

Haladu bai yarda ruwa ne kaɗai ba. Ruwa yana kawo kara da ganye, amma ba ya saro ƙaya ya jera ta a bakin rami. Zarginsa ya faɗa kan Mamuda, wani lebura mai yawan shiru, wanda ya riga shi shiga aikin aka tsallake shi wajen naɗa heluma. In Mamuda ya makara, Haladu ya ce daga kwalbati yake; in ya yi sammako, ya ce gaban laifinsa ya zo tarewa. Mamuda ya rantse, Haladu ya karɓe shebur ɗinsa ya sallame shi.

Wata Laraba da la'asar, hadari yana haɗowa, Haladu ya biya ta wurin kwalbatin, sai ya tarar da mutum cikin ramin yana cusa buhun ƙasa. Malam Daudu ne, mahaifin matarsa Shatu, wanda gonarsa take daidai inda kwalbatin yake zubar da ruwa.

Haladu ya sauka daga keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Tun da ya auri Shatu bai taɓa haɗa ido da tsohon ba, balle ya ce masa bari.

"Barka da aiki, Baba."

"Yawwa, heluma. Bara ramin nan naku ya cinye mini rabin gero. Miƙo mini wancan buhun."

Ya miƙa masa. A ransa ya ce da tsoho ya tafi zai zare su. Tsoho kuwa ya zauna gindin marke yana kallonsa, har ruwa ya sauko.

Ruwa ya yanke hanyar, ya raba ta gida biyu, motocin kasuwa suka kwana uku a tsaye. Da mai duba hanya ya zo, ya sa aka jawo buhu bakwai daga ramin, ya tambayi Haladu ko ruwa ya iya ɗaure bakin buhu. Haladu ya ce shi bai ga kowa ba.

Nan take aka aika aka kira Mamuda, aka miƙa masa keken. Haladu ya koma gida a ƙasa, mil shida cikin taɓo, takalmansa a hannu.