Ragon Zabdi Ya Zama Figgul

Elyashib ba sabon firist ba ne. A farfajiyar Haikali gemunsa ya yi fari, kuma shi ne mai zaunar da ƙananan firistoci yana ja musu kunne a kan kalmar nan figgul. "Naman hadayar salama yau ake ci da gobe," in ji shi, "jibi sai wuta. Duk wanda ke riƙe da jinin ya ƙudurta a ransa za a ci naman jibi, to ya ɓata hadayar tun daga tushe. Ta zama figgul, abin ƙyama. Ubangiji ba ya karɓa, wanda ya ci kuma a datse shi daga cikin jama'arsa."

Ranar nan wani Bagalile mai suna Zabdi ya kawo ragon hadayar salama na cika wa'adi, don 'yarsa Atara ta tashi daga ciwon da aka fid da rai. Rago kam ba a magana, ya sha kiwo. Aka yanka, Elyashib ya tari jinin a kwano ya nufi bagade, wurin miƙa hadaya. Cinyar dama da ƙirji rabon firist ne da iyalinsa, shi kuwa ɗansa Yedaya yana Yariko, jibi zai dawo. Yana ɗaga kwanon zai watsa, sai ya ji bakinsa ya ce a hankali, "Cinyar nan ta Yedaya ce, jibi zai ci." Ba wucewa maganar ta yi ba, har ransa ya nufa. Jini kuwa ya riga ya sauka a kusurwar bagade.

Kai! Ba wanda ya ji. Ya juyo ya ga Zabdi yana ta murmushi. Yana kallo mutumin ya saɓa namansa ya fita.

Elyashib ya wanke hannu ya sake wankewa, ya kai gwauro ya kai mari tsakanin bagade da ƙofa. Kunya ce ta riƙe shi, ba wani abu ba. Shi da ke tsare yara da ido, yau ya je ya ce wa baƙauye kwaɗayin cinya ya ci shi? Sai da rana ta karkata ya tuna tukunyar Zabdi ba ta san kunyarsa ba. Ya tuɓe kayan aiki, ya gangara unguwar da Galilawa ke sauka, yana tambaya gida gida.

Ya same su a tsakar gida, ƙamshin albasa da nama ya cika ko'ina.

"Lale, lale!" Zabdi ya miƙe. "Shelomit, kawo shimfiɗa, firist da kansa! Ranka ya daɗe, ko cinyar ce ba ta isa ba?"

Aka yi dariya. Elyashib ya zauna, abin haushi, har ya amsa gaisuwa. Shelomit, matar Zabdi, ta juye naman a akushi, ta tsamo tsoka mai laushi ta miƙa wa yarinyar. "Ke za ki fara, ai don ke aka yi."

Elyashib ya kama hannun Atara, tsokar ta faɗi ƙasa.

"Kada kowa ya ci. Figgul ne."

Zabdi ya dubi matarsa. "Mene ne kuma haka? Ragon ne da aibi? Na duba shi har cikin ido."

"Ragonka lafiyarsa lau."

"To ni na yi kuskure wajen ɗora hannu?"

"Ba kai ba ne," in ji Elyashib. Ya faɗi abin yadda yake, da kwanon, da ɗansa, da cinyar, bai rage komai ba, idonsa a kan tabarma.

Shelomit ta riƙe haɓa. "Yanzu don Allah, tunanin cikinka ne ya lalata mana rago?"

"Zan kawo wani gobe, wanda ya fi shi."

"Wanda ya fi shi," in ji Zabdi. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Yarinyar nan ce ta yi kiwonsa tun tana iya tashi zaune. Inda hanya ta yi duwatsu a kafaɗa na ɗauko shi, don kada ya ji ciwo ku ce ba ku karɓa."

Ya ɗauki akushin ya kai bakin ƙofa ya ajiye, nesa da yara, sai an zo ƙonawa. Atara tana goge romo a yatsunta, ba ta lasa ba. Ta ja rigar ubanta.

"Baba, to Ubangiji ya karɓa?"

Zabdi bai dube ta ba. "Ga firist nan, tambaye shi."

Ta juyo ta zuba masa ido tana jira.

"Bai karɓa ba, 'yata," in ji Elyashib.