Ruwan da ya sa Nayra magana

Yaya Delfina, ajiye dankalin nan ki saurara! Nayra ta yi magana a aji, da kunnena na ji!

Kin san tunda muka baro ƙauye muka dawo birnin El Alto 'yar nan tawa ta kulle bakinta. Yara suna kwaikwayon in'inarta, kullum da kuka take tafiya makaranta. Babanta ya riga ya yanke: in hutu ya zo, a mayar da ita wurin kakarta. Ni kuma raba ni da ita, ai raba ni da raina ne.

To yau aka gayyaci iyaye makaranta. Na bar wa maƙwabciyata tukunyar api, kunun masarar nan mai duhun shuɗi-shuɗi da nake sayarwa, na ruga. Malaminsu, Malam Wilmer, ya zuba ruwa iri uku a kwalba ɗaya, duk farare tas. Ya juya su. Sai ruwan ya koma kamar shayi. Kafin in ƙifta ido ya yi shuɗi mai duhu. Na ce shi ke nan. Ina! Ya sake washewa, ya sake shayi, ya sake duhu, ba mai taɓa shi!

Wata tsohuwa kusa da ni ta ja jikanta baya.

Malam ya ce, "Mama, ba tsafi ba ne. Magunguna ne ke kokawa a ciki, wannan ya kayar, wancan ya tashi. Shuɗin ma sitaci ne, irin na guga."

Ta ce, "To ka zo ka goge min siket da shi."

Ana cikin dariya sai na ji wata 'yar murya tana rerawa: "Ruwa... shayi... api!" Daidai da canjin launin ruwan. Nayra ce! Ba in'ina ko ɗaya. Yaran nan masu tsokanarta suka kama, aji duka, har da tafi.

Can ruwan ya yi duhu ya tsaya. Nayra ta ɗaga hannu. Nan in'inar ta dawo, ta maƙale a "Ma... Ma...". Ba wanda ya yi dariya.

"Malam, ya gaji ne?"

Ya ce, "Ya gaji, abincinsa ya ƙare. Gobe ke za ki zuba sabo."

Yaya, ara min rigar 'yarki Marisol mai tsabta. Nayra ta ce gobe da wuri za ta tafi makaranta. Babanta kuwa, yau zai ji ba inda za a kai min 'ya.